Ɗaki tukuna, sauran magana daga baya

Wa alaikumus salam, Malam. Na karanta tambayarka: ƙungiyarku ta tara ɗan kuɗi don masu kwana a tasha da rumfunan kasuwa, sai kanku ya rabu. Wasu sun ce kada a kama wa kowa ɗaki sai ya bar shaye-shaye ya kama sana'a, wasu sun ce a fara da ɗakin. Ni a Helsinki nake, babban birnin Finland, shekara shida ke nan ina aiki a wani gida da ake zaunar da irin waɗannan bayin Allah, don haka abin da idona ya gani zan faɗa maka.

Su ma mutanen Finland da ra'ayi na farko suka soma. Mutum zai kwana a ɗakin kwana na mutane da yawa, in ya daina sha a matsar da shi gaba, sai can ƙarshe a ba shi mukulli. Ya zame sau ɗaya, ya koma farko. A 2008 gwamnati ta juya tsarin, suka kira shi "Asunto ensin", wato gida tukuna. Ana ba mutum ɗaki da takardar haya da sunansa, ba a gindaya masa sharaɗin barin kwalba ba. Wani tsohon masauki a titin Alppikatu mai gado wajen 250 an mayar da shi ƙananan gidaje kimanin 80, kowa da ƙofarsa. A 1987 marasa matsuguni a ƙasar sun kai 18,000, zuwa 2023 sun koma ƙasa da 4,000.

Ba zan ɓoye maka ba, da na fara aikin raina bai kwanta ba. Gani nake kamar ana saka wa mashayi da tukuici. Wani dattijo ne ya sauya mini tunani. Ya haura sittin, ga ciwon suga, ya yi shekaru yana kwana a waje a ƙasar da sanyinta ke kisa. Makonnin farko ko gadon bai hau ba. A ƙasa yake kwana da takalmi a ƙafa, jakarsa ƙarƙashin kai, don ya saba in ya saki jiki a sace. Ranar da na shiga na ga takalman a jere bakin ƙofa, sai da na ji ƙwalla. Bai daina sha ba, kada in yi maka ƙarya, amma ya rage sosai. Allurarsa ta samu firji, asibiti ya samu adireshin da zai aika masa takarda, 'yarsa da suka rabu tuntuni ta samu wurin da za ta zo ta zauna. Wanda bai san inda zai kwana yau ba, ta ina zai riƙe alƙawarin gobe?

Akwai waɗanda abin bai karɓe su ba, akwai faɗa, maƙwabta kan yi ƙorafi. Shi ya sa mazauna gidanmu kan fita tsince shara a layin, a gan su a gaisa. Kuma ɗaki kaɗai ba ya wadatarwa, dole a samu mai leƙa mutum.

Sai dai ku yi hattara da kwafar abin ɗungurungum. A nan Kela, hukumar tallafin jama'a ta gwamnati, na biyan kaso mai tsoka na hayar talaka, ga gidauniyar Y-Säätiö da tun 1985 take sayen gidaje don wannan aiki. Ku ba ku da ko ɗaya. Ko a nan, bayan an rage tallafin haya a 2024, adadin marasa matsuguni ya sake hawa.

In da ni ne ku, zan raba kuɗin biyu, kaso mafi girma ya tafi ga waɗanda ba su kai titi ba tukuna. A nan akwai ma'aikatan da aikinsu ke nan: da an ga bashin haya ya soma taruwa, su kira mutum kafin magana ta kai kotu. A gida kuwa kun fi su sanin juna. Liman ya san matar da mijinta ya rasu kuma haya ta kusa ƙarewa, mai unguwa ya san magidancin da aka ba wa notis. Cike gibin hayar shekara ya fi araha nesa ba kusa ba a kan ɗauko iyali bayan an watso musu kaya waje.

Da ragowar ku kama wa mutum biyu ko uku ɗaki, kada ku wuce haka a shekarar farko. Ku biya mai gida hannu da hannu, a rubuta takarda da sunan wanda zai zauna, mai unguwa ya sa hannu. Kowane ɗaya a ɗora shi a wuyan mutum guda daga cikinku da zai riƙa zuwa duk mako, ba don wa'azi ba, don gaisuwa. Kafin ku miƙa mukulli kuma, ku zauna ku tsayar da inda hayar shekara ta biyu za ta fito.