Ga mai son sauya ƙoƙon fitilar babur ɗinsa

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce Haojue 125 gare ka, mai ƙirar Suzuki GN, kana so ka cire ƙoƙon fitilar gaba ka ɗaura mai ƙyalli irin na babur ɗin Harley, ko zai zauna? Zai zauna, amma kada ka ba da ko sefa ɗaya sai ka kwance naka ka leƙa ciki.

A irin waɗannan babura, ƙoƙon nan shi ne ɗakin ajiyar wayoyi. Na makunni, na sigina, na ham, na agogon gudu, duk a bayan gilashin suke haɗuwa, a dunƙule kamar taliya. Na sha ganin yara a nan Garwa sun sayo ƙoƙo siriri don kyau, an zo rufewa ya ƙi, sai a ɗaure wayoyin a waje da roba. Damina ɗaya ruwa ya shiga mahaɗan, ka danna ham sigina ta kama. Don haka zurfinsa za ka fara dubawa, da girman ramin bayansa da wayoyi ke shiga.

Masu zagaye galibi iri biyu ne, inci 5.75 da inci 7. Akwai mai kama kusoshi biyu ta gefe, akwai mai zama kan kusa ɗaya ta ƙasa. Ka nemi mai kama gefe irin naka, ka tafi kasuwa da tsohon a hannu. Na inci 7 ya fi faɗi, da wuya ka tsira ba ka sauya kunnuwan da ke riƙe shi ba. Ni a ganina ma ya yi wa 125 girma, amma wannan ra'ayi ne.

Ƙarfe ko roba? Ka ƙwanƙwasa da farce, ko ka kai maganaɗisu. Da yawa roba ce aka yi wa fentin azurfa, kuma zafin Maris da Afrilu a nan, da ke haura digiri 40, ba ya barin ta, sai ta fara ɓarewa ta tsage a bakin kusa. Na ƙarfe ya fi nauyi, ka sa masa washar roba, in ba haka ba gargadar hanya za ta kwance shi. Ka tabbata kuma akwai robar da ke rufe bayan ƙwan, saboda ƙurar hunturu in ta kwanta a madubin ciki haske ya tafi, gogewa kuma ƙara lalata shi take.

Sai wuta. Ƙwan asali na ƙananan babura yawanci wat 35 ne, sabon ƙoƙo kuwa sau da yawa da ƙwai samfurin H4 yake zuwa, mai wat 60 da 55. Ka ɗora shi haka kawai, batir zai riƙa sauka, soket ya yi zafi ya narke. Ƙwan LED ya fi sauƙin cin wuta, sai dai wutar batir yake so. Kunna makulli ba tare da ka ta da inji ba: in fitila ta kama, daga batir take sha, ba matsala. In sai inji ya tashi, ka kai wa mai wayarin ya jawo mata layi daga batir da fiyus.

In an gama, da dare ka tsaya mita 10 daga bango, kana zaune a kai. Ƙaramar wuta ta sauka kamar santimita 10 ƙasa da tsayin fitilar, kada ka kashe wa masu tahowa ido. Tsohon ƙoƙon kuma ka adana shi, ranar sayarwa mai saye zai tambaya.