Maɓalli ɗaya, aiki uku

Tambaya: Malam, ina gaisuwa. Ni ɗalibi ne a jami'ar nan ta Damagaram, ina koyon Python, yaren rubuta manhaja, da VS Code, manhajar da ake rubuta shi a ciki. Duk gyaran da na yi, sai na daidaita rubutun, in adana, sannan in sauka ƙasa in buga umarnin gwaji. Sau tari nakan manta da adanawa, sai in yi ta gwada tsohon fayil ina zagin kaina. Akwai dabarar da maɓalli ɗaya zai yi mini duka? Daga wani ɗalibi, unguwar Birni.

Amsa: Ƙanena, akwai, kuma ba sai ka ƙona kuɗin intanet wajen sauko da wani abu don jera umarnin ba. Tun sigar 1.77 da ta fito a 2023, VS Code na da umarnin runCommands, wanda ke jera umarni ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Kafin nan sai da ƙarin manhaja irin multi-command. Fara duba sigar da ke kanka, domin na san yawancinku a kile kuke karɓar manhaja hannun abokai, wata ta shekara biyar tana yawo.

Danna Ctrl+K sannan Ctrl+S. A sama ta dama akwai 'yar alamar takarda, ita za ta buɗe maka keybindings.json, fayil ɗin da ake ɗaura wa maɓallai aiki. Tsakanin [ da ] ka rubuta:

{
 "key": "f6",
 "command": "runCommands",
 "args": { "commands": [
  "editor.action.formatDocument",
  "workbench.action.files.save",
  "python.execInTerminal"
 ] },
 "when": "editorTextFocus && editorLangId == python"
}

Na farko ya gyara tsarin rubutu, na biyu ya adana, na uku ya gudanar da fayil ɗin. Kada ka juya jerin. In ka adana kafin daidaitawa, ɗigon nan da ke kan sunan fayil zai dawo, alamar akwai abin da bai shiga ba. Umarni na uku na ƙarin Python na Microsoft ne, na farko kuma yana neman mai daidaitawa kamar Black. Layin ƙarshe shi ne mai gadi: F6 ba zai yi wannan aiki ba sai kana cikin fayil ɗin Python.

Me ya sa F6, ba Ctrl+Alt da wata lamba ba? Nan ne na sha wuya, bari in ba ka labari. Kwamfutocinmu na Nijar galibi masu tsarin maɓallai na AZERTY ne, irin na Faransa, inda {, [ da # duk sai da maɓallin AltGr suke fitowa. To a Windows, AltGr da Ctrl+Alt uwarsu ɗaya. Wata rana da zafin watan Afrilu, kuran ya ɗauke, batir na ta raguwa, ina sauri na ɗaura wani umarni a kan Ctrl+Alt+4, wato AltGr+4 mai fito da {. Shi ke nan, { ta ɓace mini. In danna, wani abu daban ya faru. Na busa maɓallin, na goge shi da gefen riga, har na hau kabu-kabu zuwa wurin mai gyara a Zango, a zatona ƙurar bazara ce ta toshe shi. Yaron shagon ya buɗe Bloc-notes, 'yar manhajar rubutu ta Windows, ya danna, sai ga { ta fito fes. Ya dube ni, na dube shi. Ban biya ko dala ba, amma kunyar ta fi jika biyu.

Maɓallan F ba ruwansu da AZERTY ko QWERTY. Sai dai ka bar F5, F9 da F12, suna da aikin da za ka buƙata nan gaba wajen farautar kuskure. F6 ma yana da nasa, yawo tsakanin sassan taga, amma ban taɓa ganin wanda ya yi kewarsa ba. In ka danna ka ga hasken allo ko sauti ne ya canza, haɗa shi da Fn.

Sunayen umarnin kuwa kada ka ce za ka haddace. A shafin da Ctrl+K Ctrl+S ya buɗe, nemo umarnin, ka danna masa dama, ka kwafi ainihin sunansa. Harafi ɗaya ya kauce, jerin zai tsaya a nan, ya turo maka saƙon kuskure a kusurwar ƙasa.

In ka gama, ajiye kwafin keybindings.json a kilenka, don ranar da za ka zauna gaban kwamfutar wani.