Amsa ga mai tambaya ko duniya shirin kwamfuta ce

Ɗan'uwa, ka tambaya ko da gaske ne muna rayuwa a cikin shirin kwamfuta, kamar yadda ka gani a wani bidiyo, ka ce abin har ya hana ka barci. Na daɗe ina koya wa matasa rubuta manhaja, kuma da wuya a gama aji ba wanda ya kawo mini wannan magana.

Hujjar da ake yawo da ita ta masanin falsafa Nick Bostrom ce, wanda ya wallafa ta a 2003 yana Jami'ar Oxford. Bai ce lalle a kwamfuta muke ba. Cewa ya yi ɗayan uku ne: ko 'yan'adam su ƙare kafin su iya ƙera na'urar da za ta kwaikwayi duniya da mutanen cikinta, ko su iya amma su ƙi yi, ko kuma sun yi, to duniyoyin kwaikwayo za su fi ta asali yawa nesa ba kusa ba, sai ya zama mun fi kusa da kasancewa a cikin ɗayarsu. Masu bidiyo sukan jefar da biyun farko, su riƙe na uku, su ƙara da maganar attajiri Elon Musk ta 2016 kan yadda wasannin kwamfuta suka ci gaba, wai wata rana ba za a iya bambanta su da zahiri ba.

Ga inda na tsaya. Duk ginin ya dogara ne a kan cewa na'ura za ta iya jin abu a ranta, kuma Bostrom ɗauka ya yi haka ne, bai tabbatar ba. Idan ɗalibina ya ƙirƙiri mutum a wasa, aka buge shi ya yi ihu, ni na san layin da ya sa haka: lamba ce ta ragu, aka kunna sauti. Kyawun hoton wasanni yana ƙaruwa kullum, amma ban ga abin da ya nuna akwai mai jin zafi a ciki ba. Sannan duk gwajin da ka yi, mai ra'ayin zai ce shi ma cikin shirin yake. Maganar da ba ta da hanyar ƙaryatawa ba ta kai matsayin kimiyya ba.

Shakkar ma tsohuwa ce. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ba da labarin yadda ya daina amincewa da idonsa: inuwa kamar a tsaye take alhali tana tafiya, tauraro ƙarami kamar dinari alhali ya fi duniya girma. Ya ce mai mafarki ma gaskata abin da yake gani yake yi. Kusan wata biyu yana cikin wannan hali, kuma ya ce haske ne Allah Ya jefa masa a zuciya ya warke.

Batun barcinka ya fi damuna. Ka bar kallon irin bidiyon nan da dare. Idan kuma ka ci gaba da jin kamar komai ba gaske ba ne, ga faɗuwar gaba, ka je ka ga likita, domin yawan damuwa da rashin barci suna jawo hakan, kuma ana maganinsa.