Tambaya da Amsa: Gwara ta Biyar

Tambaya: Ni mai sayar da hatsi ce a kasuwar Zonkwa, kuma shekara biyu ke nan da rasuwar maigidana. Idan aka ɗauke wuta da dare, nakan shimfiɗa tabarma a tsakar gida in zuba wa taurari ido, sai in ji na zama kamar ƙwayar gero a cikin rumbu. Ɗana ya gaya mini cewa mutanen duniya sun haura biliyan 8 tun shekarar 2022. Anya Allah da ya halicci duk waɗannan ya san da zamana kuwa?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ƙara miki haƙuri. Abin da kika ji a kan tabarmar nan ba raunin bangaskiya ba ne, domin Sarki Dawuda ma ya dubi wata da taurari, ya yi irin tambayarki a Zabura ta 8. Girman halittar kuwa ya wuce yadda ido yake nuna miki. Rana tana nesa da mu da kimanin kilomita miliyan 150, haskenta yakan yi minti 8 kafin ya iso, amma hasken taurarin da muke kira kaza da 'ya'yanta, waɗanda Ubangiji ya ambata wa Ayuba a sura ta 38, ya fi shekara 400 a kan hanya kafin ya sauka a tsakar gidanki.

Inda nake ganin kuskuren ya shigo shi ne, mun saba auna Allah da mudun manyan mutanenmu, waɗanda da zarar sun sami girma sai sunan talaka ya ɓace musu, sai ya bi ta hannun wani kafin a saurare shi. Zabura ta 147 ba ta yarda da wannan awo ba. Aya ta 4 ta ce yana ƙidaya taurari, yana kiran kowanne da sunansa, aya ta 3 da take gabanta kuwa ta ce yana warkar da masu karyayyar zuciya, yana ɗaure raunukansu. Marubucin bai ga wata tazara tsakanin ayyukan biyu ba.

Tun da ke 'yar kasuwa ce, ga wani lissafi da za ki fi ni ganewa. A Matiyu 10:29 Yesu ya ce ana sayar da gwara biyu a kan ƙaramin kuɗi ɗaya, mu ce kobo. A Luka 12:6 kuma ya ce gwara biyar kobo biyu ne. Bisa farashin farko, kobo biyu gwara huɗu zai saya, ashe ta biyar ɗin gyara ce, irin ɗan hatsin da kike ƙarawa a kan mudu bayan an gama ciniki, wanda ba ya shiga lissafin kowa. Duk da haka Yesu ya ce ko ɗaya daga cikin biyar ɗin Allah bai manta da ita ba, sannan ya ƙara da cewa gashin kanmu ma a ƙidaye yake.

Ina kuma zaton kewar maigidanki tana da hannu a cikin wannan tsoro, domin dare yakan yi wa mai makoki tsawo. Kada ki bar maganar a cikinki. Ki faɗa wa ɗaya daga cikin iyayen zumuntar mata na ikilisiyarku, musamman wadda ita ma ta binne miji, ki roƙe ta ta riƙa leƙo ki da yamma ku karanta Luka 12 tare.