Gyara tsakar gida a Legas ba tare da kashe kuɗi da yawa ba

Malam, ka ce kana haya a Agege, kana son gyara ɗan tsakar gidanka ya zama wurin shan iska, amma aljihu ba nauyi. To fara da ruwa, kafin kujera. Daminar Legas ba irin ta Kano ba ce, daga Afrilu zuwa Yuli ruwa ake yi ba sassauci, ya ɗan lafa a Agusta, ya dawo a Satumba. In ruwa na kwanciya a wurin, sa birkila ya gyara gangara zuwa kwata, in ba haka ba sauro ne zai riga ka zama.

Sai inuwa. Tanfol mai kauri a kan sanduna huɗu ya wadatar. Rumfar kwano ta fi ƙarko, sai dai tana da zafi da rana, kuma dole ka nemi izinin mai gidan.

Kujerun ƙarfe ban ba ka shawara ba, damshin garin nan tsatsa yake sa musu. Na roba sun fi, ko ka leƙa wajen masu saƙa kujerun kara a Mende, kusa da Maryland, ka yi ciniki sosai. Tabarma kuwa a riƙa naɗewa da dare. Ka ƙara fitilar sola guda, da daddoya a tsohon bokiti, uwargida ma za ta samu na miya.