Amsa ga ƙanwarmu mai son binciken yadda ƙwaƙwalwa ke fahimta

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kin ce kin gama digiri a ilimin harsuna, kina son shiga binciken yadda ɗan Adam ke tunani da fahimtar magana, amma an ce miki sai wanda ya karanta likitanci. Wanda ya faɗa miki haka bai san tushen fannin ba. A taron da aka yi a jami'ar MIT ta Amurka a 1956, wanda ake ɗauka mafarinsa, Noam Chomsky masanin harshe yana cikin masu jawabi, tare da George Miller masanin halayyar ɗan Adam da su Newell da Simon na ɓangaren kwamfuta. Da 'yan harshe aka aza tubalin.

Ni ma ta ƙofar harshe na shiga. Abin da ya dame ni shi ne rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Ki rubuta “gari”: na zama ne ko na tuwo? Amma Bahaushe yana karantawa ya wuce. Yaushe ƙwaƙwalwarsa ta zaɓi ma'ana? Don gano wannan na zaunar da ɗalibai ɗaya bayan ɗaya a wani ɗaki a Unguwar Rimi, jimla tana fitowa kalma-kalma a kwamfuta, suna danna maɓalli, manhajar PsychoPy tana auna jinkirinsu. Wani ɗan sashen kwamfuta ya taya ni tsara ta, wata malamar ilimin halayya kuma ta rushe jimlolina na farko, ta ce tsawonsu ya bambanta, awon ba zai yi ma'ana ba. Na ji zafi, amma gaskiyarta ce.

Inda na sha wuya shi ne sa hannu. Kusan wata shida sashenmu yana jan ƙafa kan amincewa da mai duba aiki na biyu daga wani sashe, kowa na cewa ba huruminsa ba ne. Don Allah ki sasanta wannan a rubuce kafin ki fara.

Sannan ki koyi ilimin ƙididdiga da ɗan Python, wato yaren rubuta manhajar kwamfuta, tun yanzu. Ba a tsallake su. In kuma hankalinki ya fi karkata ga masu rasa magana bayan shanyewar ɓarin jiki, nemi likitan jijiyoyi ku yi tare, kuma sai kin sami izinin kwamitin ɗa'ar bincike kafin ki tunkari majinyaci ko ɗaya.