Dakashi, da karsanar da aka ci mini kuɗinta

Ka zo kana cusa mini waya a fuska, wai dolfin, wata dabbar teku, ce ke haihuwa, kana tambayar me ya sa ɗanta ke fitowa ta wutsiya alhali maraƙinmu da ƙafafun gaba da kai yake zuwa, kuma me ke kashe 'ya'yan nasu. Kai da ko kogin Galma ba ka taɓa tsallakawa da ninƙaya ba! Ajiye wayar nan.

Dolfin ba kifi ba ce, iska take shaƙa, nono take bayarwa. Cikinta wata 12, na saniya wata 9 da 'yan kwanaki. In kai ya riga fitowa a cikin ruwa kuma naƙuda ta yi tsawo, ɗan zai shaƙi ruwa, shi ya sa wutsiya ke gaba. Yana faɗowa sai sama, ya ja numfashi. Abin da ke kashe su kuwa, a teku ko a tafkin simintin da ake tsare su, ya haɗa da abin da ke kashe namu. Kwanakin farko ne. Uwa haihuwar fari ce ba ta iya shayarwa ba, ɗa bai kama nono da wuri ba, shi ke nan.

Ka tuna mini abin da nake so in manta. Farkon 2023, lokacin da takardar kuɗi ta yi wuyar gani, wani Alhaji, ba zan kama suna ba, ya zo da mota ya nuna karsanata. Ruwa biyu ce, Firishiyan ta Turai da Bunaji, irin haɗin da aka san cibiyar binciken dabbobi ta Shika da shi. Cikinta wata 8. Ni na raine ta da hannuna, da dusa da harawa, ba na barin yaro ya ɗaure ta. Ya ba ni rabi ta taransifa, ya ce saura in ta haihu. Na yarda don tare muke sahu a masallaci.

Har bakin mota na bi shi ina ce masa, Alhaji, dakashi, nonon farko. Kada awa 6 ta wuce maraƙi bai sha ya ƙoshi ba, don bayan kwana ɗaya hanjinsa ba ya ɗaukar garkuwar da ke ciki. Ya ce haba Malam, ai mun gaji kiwo.

Ta haihu da asuba lafiya lau, mace ma. Yaronsa, irinku masu waya, ya ga nonon rawaya mai kauri, ya ce ya lalace, ya tatse shi tas ya zubar a kwata. Suka ware maraƙar sai da nono ya yi fari, don Hajiya na son na kindirmo. Kwana 5 zawo ya kama maraƙar, kwana 9 ta mutu. Da na je karɓar cikon kuɗina, mutumin nan ya dube ni ya ce na sayar masa da dabba mai ciwo a ciki. Ni! Shekara 30 ina wannan sana'a. Aka kai magana gaban mai unguwa, aka ce in yi haƙuri, zumunci. Har gobe yana tatsar saniyata, in muka haɗu a Tudun Wada sai ya ɗago mini hannu daga cikin mota.

Kana tambayar cibiyar maraƙi? Maganin aidin ake shafa mata mana, wannan ko wawa ya sani. Ku yaran yanzu kun san haihuwar dabbar teku, amma jar saniyar can tun jiya hantsarta ta cika tana kwanciya tana tashi, ba wanda ya lura. Je ka share turkenta ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa, yau a nan za ka kwana. Wayar ka bar mini ita.